Harafin da Baƙin Mai Ya Shafe

Asibitin Mishan, bayan Gembu
5 ga Mayu

Ƙanena Japheth,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Christabel da yara. Ya aikin gareji? Ni ina nan ƙalau, sai sanyin dutsen nan da shekara shida ban saba da shi ba. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Ƙauyen da nake aikin jinya ba sabis na waya, sai na hau babur zuwa Gembu, in ma na je rabin maganar iska ke kwashewa. Felix direba, mai sauko da ganyen shayi da piya zuwa Zariya, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Na san ba mu cika zumunci ba. Kakarka da kakana ne ciki ɗaya, kuma rabona da kai tun jana'izar Baba. Amma a hannun Baba Sati ka fara riƙe sifana, don haka ba zan tsaya kewaye-kewaye ba.

Maganar Mama ce. Shekara uku ke nan tana zaune ita kaɗai a gidan Samaru. Da na zo Kirsimeti na duba ta da hannuna, zuciyarta ba ƙarfi, kuma ban faɗa mata ba. Ina so in ɗauko ta ta zauna kusa da ni, inda zan riƙa ganinta safe da yamma. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi. A ƙarshe ta ce ta yarda, amma ba za ta bar Samaru ba sai a motar Baba. Ka san Mama Rifkatu, in ta kafe ko fasto sai ya haƙura.

Motar tana nan inda ka san ta, tsohuwar Fijo wagon ɗin nan a gindin mangwaro. Tun da ya rasu ba wanda ya tayar da ita. Maƙwabta sun ce kullum da yamma Mama takan buɗe ta zauna a kujerar gaba, gefen fasinja, tana ɓarar gyaɗa har rana ta yi sanyi. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Ina roƙonka ka sauke injin ka sabunta shi gaba ɗaya. Ka sani hawan dutsen nan ba wasa ba ne. Sai ka yi sa'a guda kana tsakanin giya ɗaya da biyu, kuma na sha ganin injuna sun buga a tsakiyar hawa, mutane na zaune bakin rami suna jiran taimako. Ba zan iya tsayawa da Mama a irin wurin nan ba. Duk abin da ka san zai sa ta hau ba tsayawa, ka yi.

Abu na biyu, takardun motar. Shingayen hanya sun yi yawa, kuma ba na son a tsayar da ni ana tambayata ina mai ita. Ka taimaka a mayar da su da sunana. Ina jin da sunan Baba suke. Hutuna ƙarshen Agusta ne.

Ga piya nan a kwali, ta yara ce, ba taka ba.

Yayarka,
Winifred

*

Gareji, bayan PZ, Sabon Gari
24 ga Mayu

Yaya Wini,

Na gaishe ki da kyau. Muna nan lafiya, Christabel da yara suna gaisuwa. Piya ta iso, ta kuma ƙare kafin in gama wanke hannu. Ashe masu fararen kaya suna tunawa da mu 'yan baƙin mai.

Na je Samaru ranar Litinin. Mama ta karɓe ni da fara'a, ta ce na yi tumbi. Jikin motar lafiya lau, ɓeraye ne kawai suka ci wayoyi. Na kawo injin gareji na buɗe: ringi sun ƙare, metal sun cinye, kirankishaf sai an goge. Wannan duk aikin kullum ne. Maganar mai nake so ki gane, tunda dutse za ki hau.

Da ke ba sai na wahala ba, aikinmu ɗaya. Famfon mai shi ne zuciyar inji. Yana tsotsowa daga kaskon da ke ƙasa, ya tura ta ƙananan hanyoyi cikin ƙarfen zuwa duk inda abu ke gogar abu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tsohon famfon ya isa. Amma in mota ta ɗaga hanci ta daɗe, sai man ya gudu ƙarshen kasko, famfo ya shaƙi iska, abin da ya rage kuma ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa. A nan injuna suke bugawa. Don haka zan sa mata famfo mai manyan haƙora, in yi waldar shingen ƙarfe a cikin kaskon don man ya tsaya inda famfo zai same shi. Zan ƙara ɗan ƙaramin lagireto na mai a gaba, ya riƙa sanyaya shi. Jar wutar nan ta mai kuwa ban yarda da ita ba, sai ɓarna ta gama faruwa take kamawa. Agogo mai allura zan sa miki kusa da sitiyari, ki riƙa ganin ƙarfin man da idonki. Chiedozie, mai shagon kayan mota a layinmu, ya ce zai samo min famfon.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rubuto ba.

A wuyan murfin da ake zuba mai na tarar da kati a cikin leda, an ɗaure da waya. Rubutun Baba ne, na san hannunsa. Ga abin da ya rubuta: “Kada a canza ma motan nan.” Bayan “ma” ɗin akwai harafi ɗaya, amma baƙin mai ya ɗiga a kansa ya shafe shi. Na karanta shi “man motan nan”, tunda a bakin mai na same shi. Na yi dariya, na ce Baba ke nan, wa zai gyara inji bai zubar da tsohon mai ba?

Na shiga ƙarƙashi na kwance noti. Yaya, man ya zubo min a hannu da ɗumi. Ƙarfe tara na safe ne, an wayi gari ana ruwa, motar kuma shekara uku ba ta yi kuka ba. Ba zafi nake nufi ba, ɗumi, irin na tafin hannun mutum. Ina kwance ina kallonsa sai na ji faranti ya faɗi. Mama ce, tana kan kujera tana tsince wake, duk ya watse. Na fito da sauri na riƙe ta, hannunta sanyi ƙalau. Ta ce jiri ne. Sai ta ce, “Japheth, kada ka zubar da shi a ƙasa.” Na juye shi a jarka, yana nan a gareji.

Tun ranar tana kwance. Ba ta kuka da komai, tana cin abinci kaɗan, amma ƙarfi babu. Christabel tana hawa bas daga Jushi kullum ta je ta wuni da ita. Mun ce mu kai ta asibiti, ta ce ba ciwo take ba, jira take. Takardu kuma ta ce suna cikin akwatinta, sai ranar da ta ji kukan motar za ta fito da su.

Ni ba matsoraci ba ne, kin sani. Amma ki gaya min abin da kike gani game da katin nan.

Ƙanenki,
Japheth

*

Asibitin Mishan, bayan Gembu
9 ga Yuni

Japheth,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Ina lafiya, ruwa ne kawai ba ya ɗagawa. Ka ce wa Christabel ban san da bakin da zan gode mata ba. Allah ya saka mata, ya ba ta masu yi mata.

To, bakaniken da ba matsoraci ba, na ji labarin mai mai ɗumi. Hannunka ne ya yi sanyi da ruwan safe, shi ya sa komai ya taɓa ka sai ka ji ɗumi. Kullum nakan ga haka da marasa lafiya. Jirin Mama kuma ba abin mamaki ba ne. Ta daɗe a sunkuye, na tabbata ba ta shan maganinta yadda na tsara, ga shi tana kallo ana farke motar mijinta. Ko ni ce sai na ji wani iri.

Katin kuwa, “man motan” ne, me kuma zai zama? Ka manta Baba da tsiyarsa a kan mai? Iri ɗaya yake saye, a wurin mutum ɗaya, kuma in ka kawo masa wani sai ya shinshina ya miƙo maka abinka. Nufinsa kada a sa mata wani iri daban. Don hankalin Mama ya kwanta, da naka, in ka zo zuba sabon mai ka tace kofi ɗaya na tsohon ka haɗa. Ka gaya mata ka yi. Kofi ɗaya ba zai kashe famfonka mai manyan haƙora ba.

Christabel ta riƙa ba ta ƙaramar farar ƙwayar da safe bayan ta ci wani abu, ta rage mata gishiri, ta kuma duba ko ƙafafunta suna kumbura. In sun kumbura ku ɗauke ta ku kai asibiti, ko tana zagi.

Ba zan ɓoye maka ba, sau uku na karanta wurin da ta ce jira take. Ban ji daɗin kalmar ba. Shi ya sa nake so ka hanzarta, inji da takardu duka. Da zarar na same ta a nan kusa da ni, hankalina zai kwanta.

Yayarka,
Winifred

*

Gareji, bayan PZ, Sabon Gari
26 ga Yuli

Yaya Wini,

Barka da aiki, barka da ruwa. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun, famfon ne ya ƙi zuwa sai farkon watan nan, kuma ban so in rubuto miki hannu wofi ba.

Albishirinki: mota ta tashi, Mama ma ta tashi.

Na wanke hanyoyin man nan ɗaya bayan ɗaya da kananzir, na hura musu iska har sai da suka yi fes. Na ɗaura famfo, na haɗa shinge da ɗan lagireton, na jawo jikin motar daga Samaru na mayar da inji. Na zuba sabon mai da kofi ɗaya na tsohon, kamar yadda kika ce. Ranar Alhamis ta makon jiya na cire filogi na yi ta juya injin har allura ta ɗaga, sannan na mayar na ba ta wuta. Bugu ɗaya ta kama. Na duba agogon hannuna don in san minti nawa za ta yi kafin ta yi zafi, sha ɗaya da minti goma.

Da yamma Christabel ta dawo tana ba ni labari tun daga ƙofa. Wai tana wanke-wanke sai ta ji shara a tsakar gida. Ta leƙa, Mama ce da tsintsiya, matar da wata biyu sai an riƙe ta take zuwa bayan gida. Har tana faɗa wai an bar mata gida kaca-kaca, a ɗora mata tuwo. Na ce da ƙarfe nawa? Ta ce sha ɗaya ta ɗan wuce. Na ce mun gode Allah.

Saura matsala ɗaya, ita ce ta hana ni sakewa. Allurar agogon mai ba ta tsayawa. Inji lafiyayye in yana silo, wato yana kunne mota na tsaye, allura wuri ɗaya take zama. Wannan tana kan arba'in, amma rawa take: ta buga sau huɗu, ta yi shiru kamar ta manta, ta sake buga huɗu. Na ce agogon ne, na canza, haka. Na ce bawul ɗin famfo ne, na sauke kasko na sa sabon sifirin, haka. Na canza tiyo, na canza filta. Ko na taka totur ko na saki, bugun bai bin inji, nasa lokacin yake bi. Chiedozie ya zo da kansa don kada in ce kayansa ne. Ya sa ido ya daɗe, sai ya ce, “Oga Japheth, kashe ta mu gani.” Na kashe, na zare makulli. Allurar ta sauka ƙasa yadda ya kamata, amma a can ƙasan tana ci gaba da motsi kaɗan-kaɗan, sai ka kusanto da ido. Huɗu, shiru, huɗu. Chiedozie ya ja da baya ya ce shi famfo ya sayar min, wannan ba ya cikin kayansa. Tun ranar ta ɗaya gefen titi yake wucewa.

Shekaranjiya da tsakar rana sai ga Mama a gareji, ita kaɗai, ta sha ɗaurin zuwa coci. A bakin titi mai keke ya sauke ta, ta tako layin nan namu da ƙafa, ta iso tana haki. Motar na silo. Ta buɗe gaba ta zauna, ta ɗora hannu a kan dashbod. Na leƙa agogo, allura na ta sauri kamar an koro ta. Na ce shi ke nan, wani abu ya kwance. Kafin in ɗauko sifana, Mama ta huta, ta sha ruwa, allurar ma ta koma yadda take. Sai na tambaye ta ko ta ji daɗin kukan injin. Ta ce, “Haka yake yi ranan da Babanku ya kawo ta.”

Ta kawo takardun a cikin tsohon ɗankwali. Ga abin dariya: ba da sunan Baba suke ba. Rifkatu Sati aka rubuta, tun ranar da aka saye ta. Wannan ya sauƙaƙa mana, ba sai an nemi takardar gado ba, hannu kawai za ta sa. Wanda yake min hanya a ofishin lasin ya tafi hutu, zai dawo ranar sha ɗaya. Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, zan kai mata fom Samaru a cikin motar, ta sa hannu, in ɗan zaga da ita gari.

Ban da rawar allurar nan, wannan inji zai hau dutsenku yana waƙa. Ki zo ki gani.

Ƙanenki,
Japheth

*

Gembu
3 ga Agusta

Japheth,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ka yafe min gajeruwar gaisuwa, a kan bencin tasha nake rubutu, Felix yana ɗaure kaya.

Kada Mama ta sa hannu a takardar nan. Kada ka kai mata fom, kada ka ma yi mata zancen. Ka bar motar da sunanta, ni na yarda a tsare ni a kowane shinge daga Zariya har nan.

Jiya wasiƙarka ta same ni, yau da sassafe na hau babur na zo in kira ka. Tsawa ta faɗa wa turken sabis tun shekaranjiya, duk garin ba waya mai aiki. Na ce wa Felix da zarar ya sauka inda akwai sabis ya kira ka ya ce kada a sa hannu, ko bai gane dalili ba.

Mun karanta katin nan ba daidai ba, kuma ni ce na kafe. Ka tuna bakin Baba. Ka taɓa jin ya ce zai canza mai? Juye yake cewa. “Gobe zan yi wa mota juye.” Kai ma haka kake cewa, duk direban Zariya haka yake cewa. Da mai yake nufi, da “kada a yi juye” zai rubuta. Harafin da ya shafe ba “n” ba ne, “i” ne. Kada a canza mai motan nan. Mai ita yake nufi, Japheth, kuma yanzu ka gaya min ko wace ce.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Da na riƙe hannun Mama a Kirsimeti, na ƙirga bugun jininta da yatsuna. Huɗu, ya tsallake ɗaya, huɗu. Ban rubuta wannan a ko'ina ba, ban gaya wa kowa ba. Da na karanta shi a wasiƙarka sai da na zauna a ƙasa.

Na kuma tuna shekarar da aka sayi motar. Ina aji uku a sakandare, Mama ta yi wata huɗu a asibiti, likitoci suka ce a kai ta gida, ba sauran abin yi. Baba ya ɓace kwana biyu, ya dawo da motar nan, ya ɗauko ta a ciki. Mun shirya makoki, sai ga ta bayan sati tana daka. Ban san abin da Baba ya roƙa ba a kwana biyun nan, ban san wa ya roƙa ba, kuma ba na son in sani.

Shekara ashirin ina aikin jinya, na san yadda wannan magana take a kunne. Ka yi min dariya in na zo, zan taya ka. Amma ina jin tsoro ƙwarai, kuma ina roƙonka don Allah, ka bar takardar nan yadda Baba ya bar ta.

Winifred

*

Jushi, Sabon Gari
Lahadi, 17 ga Agusta

Yaya Wini,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, mai ta'aziyyar masu makoki. Mu muna nan da rai da lafiya. Na san kafin wannan ta same ki kin riga kin ji, don sabis ɗinku ya dawo, na samu faston Gembu a waya ranar Alhamis, ya ce kogin ƙauyenku ya cika, amma da ya ɗan sauka zai haye da kansa. Ba labarin nake kawo miki ba. Ina so ki ji yadda ya faru daga bakin wanda yake wurin.

Ƙasa ta zabtaro ta rufe hanya a kan dutse, Felix ya yi kwana tara a sama. Ranar Laraba ya samu sabis ya kira ni, yana ta ihu wai kada a sa hannu. A lokacin ina kan hanyar Zonkwa, hanyar ƙauyenmu, Mama tana kwance a bayan motar. Wasiƙarki kuwa jiya ta shigo hannuna.

Ranar Talata na isa Samaru wajen sha biyun rana. Na tarar ta share gida, ta wanke kwanuka ta kife, ta ba maƙwabciya kajinta. Na ɗauka shirin tafiya wurinki ne, har na yaba mata. Na bar motar tana silo a gindin mangwaro, na shimfiɗa fom a kan bonet. Ta sa tabarau ta rubuta sunanta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, ta miƙo min biro.

Sai ta ce, “Katin da ka samu, yana wurinka?” Na ciro shi daga aljihu. Ta duba ta yi murmushi, ta ce, “Ina tsaye ya rubuta. Ya ɗaura a bakin mai ne don nan mai sayen mota yake fara leƙawa. Wannan ‘i’ ne, ɗana.” Ni da wautata sai na yi dariya, na ce ai ba komai, motar a gida ta tsaya, 'yarki ce. Ta ce, “Shi ya sa na yarda.” Sai ta ƙara da cewa, “Shekara talatin da ɗaya ya riƙe ni da takarda. Shi ya yi tafiyarsa ya bar ni ina gadin mota. Na gaji, Japheth. Ka gyara ta da kyau?” Na ce da kyau, Mama. Ta ce, “Za ta kai?” Na ce ko ina ne za ta kai. Ta ce to mu zaga.

Ta zauna a gaba. Muka fita titi, muka bi ta kasuwar Samaru a hankali, tana nuna min inda take sayen daddawa da inda Baba yake aski. Ni rabin hankalina yana kan agogo, kin san ciwon da allurar nan ta zame min. Huɗu, shiru. Huɗu, shiru. Da muka wuce kasuwa sai na ga uku. Sai biyu. Sai ta hau kan arba'in ta tsaya cak, yadda allurar lafiyayyen inji take tsayawa, yadda na yi wata guda ina nema. Yaya, murna na yi. Na bugi sitiyari na ce, “Mama, ta gyaru!” Na juya in nuna mata. Kanta yana jingine da gilashi, hannunta a kan dashbod, tabarau bai ko zame ba.

Na kai ta asibiti duk da haka. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba ta sha wahala ba. Na yarda da shi. Kin ce in yi miki dariya in kin zo, ba ni da ita. Shekara ashirin da biyar ina cewa juye, da bakina, kullum, amma ban ji shi ba da na karanta katin. Ni na kai mata biro. Christabel ta ce in daina faɗar haka, Mama ta san abin da take sa wa hannu, mu ne ba mu sani ba. Wataƙila haka ne, amma abin yana ci na.

Ranar Laraba muka kwantar da kujerun baya muka kai ta gida. Ta bar Samaru a motar Baba, kamar yadda ta ce. Tana ɗakin ajiya a asibitin da ke kusa da ƙauyenmu, dangi sun ce ba za a yi komai ba sai kin iso, kuma an bar mata wuri kusa da kabarin Baba. Tun daga Zariya har can, da dawowa, allurar ba ta motsa ba ko sau ɗaya, injin ko ɗumin kirki bai yi ba.

Saura abu ɗaya, na yi ta tunanin ko in rubuta. Fom ɗin yana aljihuna tun ranar, mutumin ofishin ya zo gaisuwa ya karɓa, ni ko tunawa ban yi ba. Ranar Juma'a ya aiko da sababbin takardu, da sunanki a kai. Na je in sa su a aljihun mota, na tayar da ita don batir. Allurar tana bugawa.

Ba irin na da ba ne. Wannan ba ya tsallake, daidai yake tafiya, da ƙarfinsa. Na zauna na ƙirga da agogon hannuna, saba'in da huɗu a minti ɗaya. Ke kika san ko wannan da kyau, ni na ga kamar da kyau. Ban taɓa komai ba, ba kuma zan taɓa ba. Na mayar da katin Baba cikin sabuwar leda na ɗaure a inda na same shi, na cike harafin da biro.

Da zarar an gama gyaran hanya zan hauro da motar in ɗauko ki, kada ki hau motar kowa. Kafin nan ki ci abinci ko ba kya so, ki sa rigar sanyi, kada ki shiga kogin nan sai ya sauka sosai. Ba mu ji daga gare ki ba, amma hankalina bai tashi ba, don safe da rana ina zuwa in duba. Jiya ne kawai, wajen ƙarfe uku da rabi, ta yi ta gudu har na kasa ƙirgawa, ta kai kusan sa'a guda kafin ta lafa. Na san lokacin ne fasto ya iso. Na zauna a ciki tare da ke har ta sauka.

Ƙanenki,
Japheth